Shanu sun shiga gona: wace hanya ce ke kashe rigimar har ta mutu?

Ɗan_Gobir: Assalamu alaikum. Kaka ta gabato, gero ya fid da kai, kuma kowa ya san tsakanin Oktoba da Disamba ne rigimar ɓarnar gona ta fi tashi, lokacin da dabbobi ke gangarowa daga arewa amfani bai gama barin gona ba. Idan ɓarna ta auku akwai ƙofofi aƙalla huɗu: mai gona da mai shanu su daidaita a bakin gona, ko a je gaban mai unguwa da arɗo, ko a kai wa 'yan sanda, ko a shigar da ƙara kotu. Wacce ce ke kashe maganar ba ta sake tasowa baɗi? A ganina kotu ce, don ita kaɗai ke da takarda da ikon tilastawa. Mai wata fahimta ya kawo hujjarsa.

Malam_Na_Zaure: Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Gobir, a fara bambance abubuwan da mutane ke haɗawa su kira su duka sulhu. Akwai daidaitawa, inda su biyun ke magana ba na uku. Akwai shiga tsakani, inda na ukun ke sauƙaƙa magana amma ba ya yanke komai, su ne za su yarda ko su ƙi. Akwai tahkimi, inda tun farko su biyun suka zaɓi mutum suka ce duk abin da ya yanke sun ɗauka. Sai alƙalanci, wanda ba ya jiran yardar kowa. Yawancin zaman da ke lalacewa a ƙauye, dalilinsa shi ne mai unguwa ya fara a matsayin mai shiga tsakani, ana cikin magana ya rikiɗe ya zama alƙali ba wanda ya ba shi wannan izinin. Wanda aka yanke wa kuɗi sai ya tashi yana ganin danne shi aka yi. Tun kafin a shimfiɗa tabarma a faɗa wa kowa wane irin zama za a yi.

SarkinNomanKudu: Gafarta Malam, kafin duk wannan akwai aikin da idan aka yi sakaci da shi ko wace ƙofa aka bi ba a dacewa, shi ne ganin ɓarna da ido a ranar da ta auku, ko washegari da sassafe kafin iska da ƙafafun mutane su share sawu.

Waɗanda za su je: wakilin mai unguwa, wakilin arɗo, mai gona, mai shanu, da manomi ɗaya mai maƙwabtaka da gonar wanda ba dangin kowa ba. A fara daga inda shanun suka keta shinge, a duba sawun kofato da kashin da suka bari. Ɗanyen kashi da busasshe su ne ke nuna jiya aka shiga ko shekaranjiya. A bi sawun har inda ya nufa, domin sau da yawa garken da aka tarar kusa da gona da safe ba shi ne ya yi ɓarnar dare ba.

Sannan a ƙirga da kunya. Misali gona mai kunya 60 da maƙwabta suka shaida tana ba da dami 40 a shekara irin wannan. An tarar kunya 9 an cinye zangarniyar ƙaf, kunya 6 kuma tattakewa aka yi, kara ya kwanta amma zangarniya na nan ana iya tsince ta. Waɗanda aka tattake a lissafa su rabi, wato 3. Tara da uku 12, kashi ɗaya cikin biyar na gonar ke nan, dami 8. A ƙara kuɗin kara da harawa idan akwai wake a tsakani, don yanzu su ma kuɗi ne. A yi farashi da na kasuwa mafi kusa a ranar cinta, ba farashin bazara da mai gona ke hange ba.

Inda ake kuskure: a tambayi mai gona nawa yake so. Zai faɗi adadi cikin fushi, jama'a sun ji, janyewa kuma ta zame masa abin kunya. A bar kunya da dami su yi magana.

Arɗo_Jam: Sarkin Noma ya yi adalci da ya ce a bi sawu. Zan ƙara abu uku daga ɓangaren masu dabbobi. Na farko, a duba ko gonar tana kan burtali ko bakin mashaya. Idan an nome hanyar da shanu ke bi shekara da shekaru, an bar musu abin da bai fi faɗin amalanke ba, garke mai kai 80 ba zai wuce ba tare da ya taɓa shuka ba. Wanda ya toshe hanya yana da kaso a cikin laifin. Na biyu, yaron da aka kama da sanda galibi ba shi ne mai shanun ba, ɗan kiwo ne. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi, a tambaye shi rugar wa. Dukan yaro shi ne ke mayar da maganar dami takwas ta zama maganar jini. Na uku, idan za a tsare dabbobi a tsare saniya ɗaya ko biyu a hannun mai unguwa, a ba su ruwa da ci, a rubuta kamanninsu. Kada a tsare garke duka, kada a raba mai shayarwa da maraƙinta.

SarkinNomanKudu: Na amince da duka ukun, Arɗo. Amma a faɗa wa masu shanu su ma su daina gudu da dare bayan ɓarna. Wanda ya tsaya ya yi sallama ya ce shanuna ne, rabin rigima ta mutu.

Malam_Na_Zaure: Fiƙihu bai bar wannan babin a buɗe ba. A suratul Anbiya aya ta 78 da 79 an kawo hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan tumakin da suka yi kiwon dare a shukar mutane. A Muwaɗɗa kuma akwai hadisin taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga garkar wani, inda aka hukunta cewa tsare garka da rana na kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma na kan masu dabbobi. Malamanmu na Malikiyya sun yi ƙarin bayani: ɓarnar rana ba a biya idan an saki dabbobin nesa da gonaki kuma ba makiyayi tare da su, amma idan makiyayi na nan ya yi sakaci, a kansa take. Idan shukar ba ta nuna ba, ana ƙiyasta ta tsakanin fata da tsoro, wato a lissafa yiwuwar ta yi kyau da yiwuwar ta lalace. Saboda haka masarar da ke wata ɗaya a ƙasa ba a biyanta kamar wadda ta isa karya. Amfanin karanta wannan a wurin zama shi ne su biyun su ga ba son ran mai unguwa ba ne.

LauyanTalaka: Malam Ɗan Gobir, ikon tilastawa da ka ambata gaskiya ne, amma duba tsadarsa. Kuɗin shigar da ƙara, kuɗin kai sammaci, kuɗin motar shaidu duk zama, ɗage shari'a sau uku ko huɗu. Kafin a yanke hukunci an girbe gonar, hujja ta tafi, makiyayin kuma ya kai Binuwai ko ya tsallaka Kamaru. A ƙaramar ɓarna abin da za a kashe yakan zarce abin da ake nema. Ofishin 'yan sanda kuma maganar kan juye ta zama ta beli, kowa ya kashe kuɗi, mai gona ya koma gida hannu rabbana.

Akwai hanyar tsakiya da mutane ba su sani ba sosai. Legas ta buɗe sashen sulhu a ƙarƙashin babbar kotu a 2002, Kano ta buɗe nata a 2009, wasu jihohi sun bi. Yadda yake aiki: ku zauna da mai shiga tsakani, ku rubuta abin da kuka yarda, ku sa hannu, alƙali ya amince da takardar, daga nan ta zama hukuncin kotu da ake iya zartarwa. Kotunan shari'ar Musulunci ma alƙali kan tura mutane su je su sasanta su dawo ya rubuta. A 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar tahkimi da shiga tsakani ta tarayya da ta maye gurbin ta 1988. Ke nan ba dole ne mutum ya zaɓi tsakanin inuwar bishiya da kotu ba, ana iya yin maganar a inuwa a kai takardar a buga mata hatimi.

BaMaraɗi: Mu a Nijar doka ma ta wajabta wannan jerin. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta ce rigimar ƙasar noma da kiwo ba ta zuwa gaban alƙali sai an fara gwada sulhu wurin sarakunan gargajiya, kuma a rubuta takarda ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Daga mai gari ake farawa, in ta gagara a hau wurin sarkin yanki. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara cewa kwamitin sulhun ya ƙunshi manoma da makiyaya adadi ɗaya, sarki na shugabanta. Sai abin da na fi ganin amfaninsa: kowace shekara gwamna na sa ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabba ta shiga a biya. Bayan ranar, wanda ya bar amfanin damina a fili ba ya neman diyya. Akwai kuma iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, wanda ya yi gona bayanta a yankin kiwo ba a biyan shi ɓarna. Ba haka kawai aka kai ga waɗannan dokoki ba. Mutanen Maraɗi ba su manta Toda ba, inda a 1991 aka kashe sama da mutum 100, akasarinsu mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya.

Ɗan_Gobir: Wato hukumar nan ta filaye da kuke kira Kofo ita ke yanke hukunci?

BaMaraɗi: A'a, ɗan'uwa, nan mutane ke rikicewa. Kofo ba ta sulhu, ba ta shari'a. Tana matakin gari da na gundumar magajin gari da na jiha ƙarama. Aikinta rubuta takardun gona, na saye da na aro da na jingina, da shata burtali da makiyaya a kafa musu alamu. Idan rigima ta tashi sarki ke kiran ta ta faɗi abin da ke rubuce. Rauninta kuwa a bayyane yake: garuruwa da yawa babu ita ko tana nan ba kayan aiki, alamun da aka kafa wasu na tumɓukewa, kuma ranar sakin gonaki ba ta isa kunnen makiyayin da ke daji a kan lokaci.

Arɗo_Jam: A Najeriya dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma da yawa daga wuraren ba a yi musu rajista ba, an yanka su gonaki. Jigawa ta kafa hukumar manoma da makiyaya, ta sake shata burtali a wurare, kuma ana ganin bambanci. Ranar sakin gonaki irin ta Nijar ita ce muke buƙata, a shelanta ta a rediyo da Hausa da Fulatanci, a faɗa a kasuwar shanu.

Ummu_Hafsa: Ina bin maganarku tun farko, iyayena maza, kuma ba wanda ya ambaci mata. Gonar wake ko gyaɗa da aka ci sau da yawa gayaunar matar gida ce, amma da mijinta ake zama, shi ke yafewa don a ce ya yi dattaku, ita ba a tambaye ta ba. Matan ruga kuma su ne ke shiga gari kullum da ƙwaryar nono, su ke fara jin ana cewa kada a sayi furar Fulani. Ranar da suka daina zuwa kasuwa, to a sani wuta na ci a ƙasa. Sulhun da bai ji bakin mai haƙƙi ba, yafiyar wani ce a kan dukiyar wani.

Haka abin yake a rikicin aure. Ana taruwa a ce wa mace ki yi haƙuri, a tashi, a kira shi sulhu. Alhali aya ta 35 a suratun Nisa'i cewa ta yi a ɗauko mai hukunci daga danginsa da mai hukunci daga danginta. Kowanne ya keɓe da nasa ya ji ainihin damuwar, cefane ne, duka ne, rabon kwana ne, sannan su biyun su haɗu. Idan ciyarwa ce matsalar a rubuta adadi, kwano nawa a mako, kuɗin cefane nawa, wa zai zo ya duba bayan wata ɗaya.

Malam_Na_Zaure: Hajiya ta faɗi gaskiya. A mazhabar Malikiyya waɗannan masu hukunci biyu ba 'yan aike ba ne, idan suka ga zaman ba zai yiwu ba hukuncinsu na rabuwa yana zartuwa. Kuma ƙa'idar da ta game duka ita ce hadisin da ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. A gado ma, ba a cewa 'ya mace ta bar wa 'yan'uwanta gona sai an fara lissafa mata rabonta ta san girmansa. Bayan ta sani, in ta so ta karɓi kuɗi a maimakon ƙasa, wannan ya inganta.

Jikan_Barebari: Kada a raina wasan barkwanci a wannan babi. Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, taubasai a cikin dangi. Abokin wasa na iya faɗa wa mutum ka yi kuskure a gaban jama'a ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba, abin da hakimi ma ba zai iya ba. Nijar ta ɗauke shi da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Amfaninsa shi ne buɗe baki a farkon zama. Ba ya ƙirga dami, kuma inda aka zubar da jini ba a kawo shi.

LauyanTalaka: Tunda an ambaci jini, a ja layi a nan. Kisa da fyaɗe da fashi ba abin da mai unguwa zai rufe a zaure ba ne, dole hukuma ta sani. Ko a shari'ar Musulunci da magada ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko yafiya, a gaban alƙali ake yi bayan an tabbatar da wanda ya aikata. Rufe irin wannan da sunan zaman lafiya shi ne ke haifar da ramuwar gayya bayan shekara biyu.

Bazamfare: To ai nan ne ni nake tare da Ɗan Gobir. An yi sulhu da 'yan bindiga a Zamfara a 2019, an yi a Katsina a 2016 da 2019, an karɓi wasu bindigogi an ɗauki hoto, aka koma gidan jiya. Gwamnan Katsina na lokacin, Masari, da bakinsa ya ce sun ci amana. Me sulhu ya tsinana?

MalamarTarihi: Ɗan'uwa, a duba me ya sa ya rushe. An zauna da shugabannin daba kaɗan alhali dabobin da yawa ne kuma ba mai iko da wani. Ba a karɓi makamai da lissafi ba. Ba wanda aka sa ya riƙa bibiya. Waɗanda aka kashe wa iyaye aka ƙone wa rumbuna ba a zaunar da su ba. Kwatanta da Nijar: yarjejeniya da 'yan tawayen Abzinawa ta 24 ga Afrilu 1995 ta zo da shigar da mayaƙa aikin soja da na gwamnati, da hukuma ta musamman mai bibiya, aka ƙone makamai a Agadas a 2000. Duk da haka tawaye ya sake tashi a 2007. A Kaduna shugabannin addini 22 sun sa hannu kan sanarwar zaman lafiya a Agustan 2002, watanni uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke. Amma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna har Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, ba su tsaya a takarda ba. Bayan kashe-kashen Yelwan Shandam da ke jihar Filato a 2004 sun yi ta zama da kowane ɓangare daban kafin su haɗa su, aka sa hannu a 2005, garin ya samu natsuwa mai tsawo. Zama daban-daban kafin zaman gamayya shi ne matakin da gwamnatoci ke tsallakewa don suna gaggawar biki.

Bazamfare: Na ji, Malama. Amma wanda ya mayar da satar mutane sana'a ba rigima yake da kowa ba, balle a sasanta. A bambance shi da makiyayin da aka cinye wa burtali.

SarkinNomanKudu: Mu dawo kan dami takwas ɗinmu, don daga irinsu manyan ke farawa. Bayan an yarda da adadi, takardar ta ƙunshi: sunan su biyun da na arɗon da ya tsaya wa mai shanu, ranar ɓarna, yawan kunya, adadin kuɗi ko hatsi, da ranar biya. A sa ranar biya bayan cin kasuwar dabbobi mai zuwa, domin makiyayi ba ya ajiye kuɗi, sai ya sayar da ɗan bijimi ko tumaki. In aka ce ya biya yau, zai karyar da dabbarsa ga dillali, ya tafi da ƙullin wannan asarar. A biya a gaban shaidun da suka ga ɓarnar. Kwafi uku, da boko ko da ajami, kowa ya dangwala. Kuma kada masu sulhu su yanki kaso daga diyyar. Da zarar mai unguwa na samun wani abu daga kowace ɓarna, ƙiyasi zai riƙa hawa, makiyaya su daina zuwa wurinsa.

Arɗo_Jam: A ƙara da maganar gaba a takardar. Bayan girbi shanun su kwana a gonar su ci kara su bar taki, kwana nawa, a wane gefe. Da can manomi ne ke ba makiyayi hatsi don ya sauka a gonarsa. Mutum biyu da ke jiran amfanin juna a watan gobe ba sa saurin zare wuƙa.

Ɗan_Gobir: Na karɓi maganar ƙirga da kunya da ta hatimin alƙali a kan takardar sulhu. Inda har yanzu ban gamsu ba shi ne baƙon makiyayi mai wucewa, wanda ba shi da arɗo a yankin, ba wanda zai tsaya masa, gobe kuma ya yi gaba. Wa zai riƙe shi har ranar kasuwa?

BaMaraɗi: Mai tsallaka iyaka ya kamata yana ɗauke da takardar ƙaura ta ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tsara tun 1998, mai nuna yawan dabbobi da allurarsu da hanyar da zai bi, sai dai kaɗan ne ke yankarta. A aikace, sarkin zangon kasuwar shanu mafi kusa ko dillalin da yake sauka wurinsa su ne suka san shi. A kira ɗayansu ya tsaya masa. In babu, a ƙiyasta dabba ɗaya daidai da ɓarnar a bar ta hannun mai gari da takarda, ranar kasuwa a sayar a gaban shaidu, a cire diyya da kuɗin ciyar da ita, ragowar a ajiye masa ko a tura masa ta waya.

Ummu_Hafsa: Kuma in gayaunar mace ce aka ci, kuɗin ya shiga hannunta, a rubuta sunanta a takardar ba na mijinta ba.